Garmar Radha: Musayar Baitoci a Kan Nargis

Mai Majigi

Salamu alaikum 'yan zaure. Makon nan Nargis, jarumar finafinan Indiya, za mu ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne: duk baitin da za a jefo ya zo da abin riƙewa, ko shekara, ko suna, ko yadda aka yi aikin. Kirari zalla ba ya shiga lissafi. Na buɗe da ƙwar biyu.

Da sunan Ta'ala nake buɗe zaure,
Da Nargis na zo yau, mu duba zamanta.

Kalkata can ne aka yanke cibi,
Faɗima Rashid ne sunan yankanta.

A 1929, ɗaya ga watan Yuni,
Jaddanbai mai waƙa ita ta haife ta.

Uwar na rera waƙa, tana shirya fim,
Tun shekara shida ta ɗora ta turbarta.

Talash-e-Haq, nan ta fara fitowa,
'Yar mitsitsiya, ba a san da zamanta.

Mehboob ya gan ta tana goma sha huɗu,
A Taqdeer ya ba ta gaba, ya gwada ta.

Da Motilal aka haɗa ta, babban mutum,
Ya ninka ta shekaru, ga shi masoyinta.

Ɗan Fagge

Baba Mai Majigi, gawayinka ya cinye,
Kana ta kewaye, ba ka hau hanya ba.

Ka bar mu a zanen goyo har baiti bakwai,
Wanda ya fito da ita ba ka ambata ba.

Ba don Raj Kapoor ba, da Aag da Barsaat,
Da sunan Nargis bai ƙetare teku ba.

Fim goma sha shida suka yi tare,
Wata ba ta kai wannan adadi da shi ba.

Ka dubi tambarin kamfanin R.K. ma,
Macen da mai goge ya tallafe, ba wata ce ba.

A 1954 sun sauka a Mosko,
Rashawa ba su bar su sun huta ba.

Hajiya 'Yar Damagaram

Ɗana, ka iya lissafi, sai dai daga tsakiya ka faro shi.

Yaro, tambayi manya kafin ka rantse,
Raj ne ya je ƙofarsu, buƙata ta kai shi.

Lokacin Aag ita tuni ta yi suna,
Shi ko fim na fari ke nan da ya shirya shi.

Koma Andaz, Dilip yana gefe guda,
Raj ɗaya gefen, labarin ita ke riƙe da shi.

A Awaara lauya ce mai baƙar riga,
Ta tsare alƙali da tambaya har ta ƙure shi.

Alƙalin Prithviraj ne, uban Raj na jini,
Ido cikin ido ta tsaya, ba ta rusuna gare shi.

Malam Bazazzagi

Na karanta, kuma ina da gyara, Allah ya sa a karɓa. Yaya Mai Majigi, ɗangonka na farko mutaƙarab ne tsaf: da-su-nan, Ta-'a-la, na-ke-bu, ɗe-zau-re. Ƙafa huɗu, gaɓa 12, kowace ƙafa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu. Amma ɗangon shekara fa? Ido yana ganin lamba huɗu, baki kuwa sai ya furta "alif da ɗari tara da ashirin da tara", gaɓa 14 ke nan ita kaɗai. Haɗa da sauran kalmomin, ɗangon ya kai 22. Wane numfashi zai ɗauke shi? Ɗan Fagge ma ya faɗa ramin a baitin Mosko.

Magabata sun magance wannan da ramzi. Mother India ya fito a watan Oktoban 1957, hijira 1377 ke nan. A lissafin Magariba, shin dubu ce, sin ɗari uku, aini saba'in, zaira bakwai: shas'azu. Gaɓa uku, an wuce wurin.

Awon nan na waƙa da kunne ake yi,
Da baki a furta, a ji ta da daɗi.

Kanawa da sauri suke yin awonsu,
Su tauye tiya, sai su ƙara da kauɗi.

Ku bar shekarun nan su koma ga ramzi,
Haruffa kaɗan ne, su ba ku nishaɗi.

Ɗan Fagge

Malam Bazazzagi ya zo da sikeli,
Muna zancen fim, yana auna gishiri.

Ramzinka sai an ɗauko allo da tawada,
Kafin a warware shi alfijir ya keto gari.

In har tiyar Kano ce ke da tawaya,
Me ke kawo Zagezagi sari a Kwari?

Mai Majigi

Malam ya yi gaskiya a kan ɗangon shekara, na karɓa. Ku bar tiya ta huta. Ɗan Fagge, tunda ka ce Raj ne komai, ga aikin da ba wanda zai yi wa jaruma sai ita da kanta.

Waƙa a ɗakin naɗi ake fara gama ta,
Lata ta rera, makaɗa na kewayewa.

Sai a kawo ta filin ɗaukar hoto,
A sa a lasifika, leɓe na bin sawun rerawa.

Hoto ashirin da huɗu ke gifta a daƙiƙa,
In leɓe ya makara da uku, ido na ganowa.

Ba leɓe kaɗai ba, inda Lata ta ja numfashi,
Nan za ka ga kafaɗar Nargis tana ɗagawa.

Ruwan saman Shree 420 na bututu ne,
In ba fitila a bayansa, ɗigon ba ya fitowa.

Gashi baƙi, dare baƙi, lema baƙa,
Sai an haska ƙeya kafin su yi rabuwa.

Yara ukun nan masu rigar ruwa da suka gifta,
'Ya'yan Raj ne, har da Rishi mai tasowa.

Ga ƙarin bayani ga mai son sani. Ba a ɗaukar waƙa gaba ɗaya. Layi-layi ake yanka ta, a mayar da sauti baya, a sake, wani layin sau goma. Duk sakewa a cikin ruwa sai an gyara kwalliya, an matse sari, sannan fuskar ta dawo daidai inda aka baro ta, in ba haka ba haɗin zai yi tsalle a hannun mai tacewa. Riƙe yanayi ɗaya a fuska daga farkon dare zuwa ƙarshensa, a jiƙe, wannan ba darakta ke ba da shi ba.

Malam Bazazzagi

"Ɗari huɗu da ashirin" gaɓa takwas ce, Yaya. Ka karɓi gyara da dama, ka saki da hagu.

Ƙanwar Maza

Ku yi haƙuri iyayena, zan tsoma baki,
Duk yabon nan ku rage wa Madhubala.

Anarkali, Nargis aka fara ba wa,
Aikin ya kwanta, wata ce ta kammala.

Da huji a zuciya ta ɗau sarƙar ƙarfe,
Ta gaske, mai nauyi, ta ja ta da wahala.

Shekara talatin da shida ta yi a duniya,
Murmushinta har gobe ya fi hasken fitila.

Ɗan Fagge

Ƙanwata ta gama magana! Wannan shi ne baiti, ba na masu sikeli ba.

Hajiya 'Yar Damagaram

Ɗazu Raj ne gwaninka, yanzu ka koma bayan Madhubala. Duk inda aka rage wa Nargis, nan kake tafi.

'Yata, ban ƙi taki ba, Madhubala ta sha wuya kuma ta yi aiki. Amma ki faɗi dalilin kwanciyar Mughal-e-Azam, fim ɗin da Madhubala ta fito a Anarkali. An raba Indiya da Pakistan a 1947, mai zuba kuɗin ya ƙaura Pakistan, Chandra Mohan da zai fito a sarki Akbar ya rasu a 1949. Fim ɗin bai fito ba sai 1960. Ba gazawar kowa ba ce. Yanzu ga abin da nake jira mu iso, Mother India, inda Nargis ta fito a Radha, manomiyar da bashin Sukhilala ya ɗaure, ƙwar biyar zan yi, Malam ya auna in ya ga dama.

Rupi ɗari biyar surukarta ta ranto,
Don bikin ɗanta, wahala ta janyo,
Sukhilala ya rubuta abin da ya so,
Ba mai karatu cikinsu da zai karanto,
Kashi uku cikin huɗu yake kwasa a gona.

Miji ya je tonon duwatsu a fako,
Dutse kan hannuwansa biyu ya gangaro,
Kunyar zama a ciyar da shi ta taso,
Ya fice da dare, ba wanda ya gano
Inda ya nufa, ya bar ta da ƙuna.

Shanun huɗa duk bashi ya cinye,
Ta ɗau karkiya a kafaɗa ta jure,
'Ya'yanta biyu a baya sun dafe,
Laka har gwiwa, fuska ta ƙone,
Haka ta ja garma tsakar rana.

Ambaliya ta zo ta share gari,
Yunwa ta kama yara tun da wuri,
Mai bashi ya ce ga hatsi, ga gari,
In za ta ba da kanta, ta ce masa bari,
Mutunci ba ya shiga ma'auna.

Birju ya girma da wutar fansa,
Ya ƙwato awarwaron jingina na uwarsa,
Ya kashe mai bashi, ya ɗauke 'yarsa,
Uwa ta ɗaga bindiga ta kira sunansa,
Ta harbi ɗanta, ta cika magana.

Ina Raj a nan, Ɗan Fagge? Mehboob ne ya shirya, Naushad ya yi kiɗa, Faredoon Irani ya riƙe kyamara. Kuma ka tambayi dalilin da ya sa fim ɗin ya zauna a silimun Kano da na sauran garuruwanmu, alhali yawancin 'yan kallo ba sa jin Indiyanci. Manomin da ya taɓa cin bashi da bazara ya biya da kaka ba ya buƙatar tafinta.

Mai Majigi

Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wannan baiti na huɗu, gari da gari, ya isa a tsaya a kansa.

In ƙara abin da ido ba ya gani. Shekararta 28 lokacin da fim ɗin ya fito, ta fara a amarya ta ƙare a tsohuwa tukuf. Sunil Dutt da ya fito a Birju an haife shi 6 ga Yunin 1929, ita kuwa 1 ga wata. Kwana biyar ta ba ɗanta. Furfura da tamoji aikin mai kwalliya ne, amma ku lura da tafiyarta: amarya na taka ƙasa a hankali kai a sunkuye, uwar yara na buɗe ƙafa kamar mai ɗauke da tulu, tsohuwa kuma nauyinta ya koma gwiwa. Da farko ma Dilip Kumar aka so ya yi Birju, ita ta ce 'yan kallo ba za su yarda ba, sun saba ganin su a masoya.

A Gevacolor aka ɗauka. Fim mai launi na lokacin yana shan haske fiye da baƙi da fari, shi ya sa ko a rana sai an ƙara da allunan mayar da haske a fuska, zafin ya ninku. Tsawonsa minti 172. Fim mai faɗin milimita 35 yana cin ƙafa 90 a minti, ku lissafa, ya haura ƙafa 15,000. Majigi biyu ake jerawa. In ɗigo ya bayyana a kusurwar sama ta dama sai a tada na biyu, ɗigo na biyu a juya haske. Mai majigin da ya yi gyangyaɗi a nan, allo ya yi fari, shi da 'yan kallo sai Allah.

Malam Bazazzagi

Hajiya, ranki ya daɗe, "so" da "ranto" da "janyo" wasali kaɗai ya haɗa su. Amsa-amo na gaske baƙi da wasali ne tare. Babban amsa-amonki na "na" ya tsaya daram, ƙananan ne suka yi sako-sako. Shi kuwa Yaya Mai Majigi, "ta" ɗin buɗewa arha ce, duk sunan da ka liƙa wa "nta" ya zama amsa-amo.

Hajiya 'Yar Damagaram

Malam, mace na jan garma kana ƙirga baƙaƙe,
In ka isa, sa Sukhilala a mutaƙarab mu gani a sake.

Ƙanwar Maza

Inna ta yi daidai. Tun ɗazu baiti uku kaɗai Malam ya kawo, ko sunan Nargis babu a ciki.

Malam Bazazzagi

'Yata, mai gyaran gini ba shi ne ya ƙi gida ba. Sunan nata ma gaɓa biyu ne masu nauyi, nar-gis, sai an sa marar nauyi a gabansa yake zama. Sukhilala kuwa ba zai shiga ba sai an karya shi, kuma ban saba karya suna don kari ba. Zan kawo nawa in lokaci ya yi.

Ɗan Fagge

To a bar Malam da baƙaƙensa. Hajiya, ga tawa:

Kin kai ta sama, to ina Oscar ɗin?
An je Amurka an dawo hannu rabbana.

Hajiya 'Yar Damagaram

Fim ɗin Indiya na fari da ya kai wannan zagaye,
Na Fellini ɗan Italiya ya sha gabansa, ban musa ba, ɗana.

A shekarar kuma Karlovy Vary ta ba ta kambu,
Ga Filmfare, ga Padma Shri, duk a tafin hannu na nuna.

Shekarar 1958 nake nufi, na fitar da ita waje don kada Malam ya tashi.

Ɗan Zongon Kumasi

Gafara dai, na makara, sai yanzu na biyo zaren daga sama. Na ga an wuce gobarar da ta tashi wajen ɗaukar Mother India ba a taɓa ta ba.

A Umra, kusa da Surat, aka tara tarin ciyawa,
Wutar gaske aka cinna, lokacin ba dabarar kwamfuta.

An auna inda iska ke bi, an tsayar da kyamara,
Iska ta juya, harshen wuta ya kewaye ta.

Busasshiyar ciyawa ba ta jiran umarni,
Hanyar da aka bar mata ta fita, wuta ta rufe ta.

Sunil ya ɗau bargo ya kutsa ciki,
Ya fito da ita, shi ya kwashi ƙunar maimakonta.

Ta yi jinyarsa har ya miƙe,
Wanda ya fito a ɗanta, shi ya zama mijinta.

Gobarar 1 ga Maris ɗin 1957 ce, auren kuma 11 ga Maris ɗin 1958, bayan fim ya riga ya fito.

Amma ina da ƙorafi, kuma ba na wasa ba ne. A 1980, tana 'yar majalisar dattawan Indiya, ta soki mai shirya fim Satyajit Ray, ta ce talaucin Indiya yake kai wa Turawa su kalla.

Inna, ki ba ni amsa, ban zo da raini ba,
Wadda laka ta ɗaukaka, ita ke ƙyamar laka?

Garmar da ta ja ba ta zinariya ba ce,
Don me na Ray zai zama tallan talaka?

Hajiya 'Yar Damagaram

Ɗana, tambayarka ta fi duk wadda aka yi yau nauyi. Ba zan kare ta a kan komai ba, maganar ta yi tsauri, Ray bai cancanci haka ba. Sai dai ka duba inda take tsaye.

Mother India da buɗe magudanar ruwa ya fara,
Da shi ya ƙare, ruwa na shiga gonaki.

Ita so take a nuna rami a nuna tsani,
Ray ya nuna ramin, ya bar wa mai kallo aiki.

Ta ga ƙasarta da idon mai gina ta,
Nan ta yi gaskiya, nan kuma ta saki layi da baki.

Kuma ba daga kan kujera ta san wahala ba. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta, suna kai mawaƙa da 'yan wasa bakin iyaka wurin sojoji. Ita ce uwar ƙungiya ta farko ta masu kula da yaran da aka haifa da lalurar shanyewar gaɓoɓi a Indiya.

Ɗan Fagge

Wannan na yarda. Amma bayan aure ai ta bar fim, Baba, sai ka ce ƙarya nake.

Mai Majigi

Ta ja baya, ba ta rufe ƙofa ba.

Raat Aur Din ta dawo, mace ɗaya rai biyu,
Da rana Varuna, matar gida mai kunya.

Da dare Peggy, ta canza tafiya da murya,
Ta fice gidan rawa, da safe ba ta tuna hanya.

Kyautar ƙasa ta jaruma, a shekarar da aka ƙirƙiro ta,
Ita aka fara ba wa, sauran suka biyo baya.

Fim ɗin na 1967 ne, Satyen Bose ya ba da umarni, kuma shi ne na ƙarshe da ta ja. A 1980 aka gano ciwon daji a saifarta ta sukari, wadda likitoci ke kira fankiriyas. An kai ta asibitin Sloan Kettering a New York, ta dawo gida, jikin ya sake tashi. Ta rasu a Bombay ranar 3 ga Mayun 1981, tana da shekara 51, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan. Ta bar 'ya'ya uku, Sanjay da Namrata da Priya. Ba a yi kwana bakwai ba aka buɗe Rocky, fim ɗin da Sanjay ya fara ja, wanda ubansa ya shirya. Malam, ka ce za ka kawo naka. Ga wurin.

Malam Bazazzagi

Kujera guda ce a layin iyalai,
Uba ga shi, ɗa ga shi, gurbi tsakani.

Da haske ya sauka a allo na hoto,
Ya ƙare, kujerar ba ta da mazauni.

Ƙanwar Maza

Malam, na janye maganata.

Ɗan Fagge

Ni ma ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma Malam, ƙafa ta uku a ɗangon ƙarshe, "ba ta da", da mai nauyi ta fara. Ɗauko sikelin ka sake auna ta.